Kaset ɗin da Na Gyara da Reza

Zan faɗi abin a jere, yadda ya faru, domin ban iya ba da labari a hargitse ba.

Da farko aiki ya ƙare. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin sito a wani kamfanin gyaran hanya a Sakkwato, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Shekarar da aka yanka mana jiharmu, kamfanin ya naɗe kayansa ya tafi, aka sallame mu. Mutane suna ta murnar sabuwar jiha, ni kuwa na sauka a tashar Jega da mata da yara uku da akwatin ƙarfe guda.

Na biyu, abinci ya ƙare. Ba ni da gona, don na sayar da rabona na gadon mahaifinmu tun ina ganin albashi ba ya yankewa. Muka ci damina ɗaya a ɗakin aro, yau a ɗora tukunya, gobe a ƙi. Bayan kaka mahaifin matata ya zo daga Karaye da kansa. Bai shiga cikin gida ba, a zaure ya tsaya. Ya ɗauki ƙaramar 'yata ya ji nauyinta a hannu, sannan ya sauke ta.

Ya ce, "Ba don in raba ku niz zo ba. Zan tahi da ita da ɗiyan su ci abin da mu ka ci. In ka samu abin yi kahin ruwa ya sauka, ka zo ka ɗauki iyalinka. In ruwa ya sauka ba ka samu ba, sai mu zamna mu yi wata magana."

Na san wace magana ce. Na ce, "To, Baba." Ban ɗaga kai ba har suka fita.

Na uku, kayan kallo suka zo hannuna. Wani ɗan kawuna da zai koma kudu ya bar mini talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto da jakar kaset, ya ce in gwada sa'ata. Na zauna na gwada kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya. Zafi ya cinye su, wani hotonsa ruwa-ruwa, wani babu murya, wani inji ya tauna shi nan take. Guda ɗaya tak ya fito tas. Na rufe taga na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma da ya ƙare na zauna riƙe da kai.

Fim ne na Turawa. An ce duniya ta ƙone, garuruwa sun zama kufai, rijiya ɗaya ta rage a bayan wata doguwar katanga. Wani mugun sarki mai rigar fata shi ke riƙe da ƙofar. Kowace shekara sai ya sa a yi tseren motoci, an liƙa musu ƙarafa da ƙusoshi da bindigogi, direbobin suna kashe juna a hanya, wanda ya iso da rai a buɗe masa ƙofa ya shiga da iyalinsa. Jarumin yana da mata da ɗa a waje, ƙishirwa tana cin su. Labarin ke nan, kuma ni ban ga aibunsa ba. Aikin ne babu kyau. Wanda ya haɗa fim ɗin nan, da a sitona yake aiki, ba zai kai azahar ba.

Ba ni da wani, sai na ɗauke shi. Lokacin kakar albasa ne, zafi ya fara sauka. Na zaɓi Aliero domin direbobin manyan motoci sukan yi kwana biyu, uku suna jiran lodi, ba su da abin yi tsakanin azahar da la'asar sai gardama a ƙarƙashin mota. Na samu wata rumfa a bayan masu ɗinkin buhu, na kewaye ta da zana, na rufa tsohon tamfol don a samu duhu, na jera benci shida. Ciki kamar tanda, ga warin albasa, ga ƙarar janareto. Ni nake tsayawa gefen talabijin ina fassara, da Turancin firamare da wanda na tsinta a kamfani. Abin da aka ce shi nake faɗi, ba ƙari, ba ragi. Direbobin suka sa mini suna Akawu.

Ranar farko benci biyu suka cika. A gaba akwai wani tsohon direban roka mai haƙorin Makka guda, mai murya kamar lasifika. Aka yi shiru har aka kai inda wani abokin tseren, mai ido ɗaya da baƙin ƙyalle a ɗaya idon, motarsa ta kama wuta ta tarwatse da shi a ciki. Na ce, "Wanga ya mutu." Aka ci gaba. Can sai tsohon ya buga cinya.

"Akawu, tsaya! Mai ido guda ba shi na yam mutu ɗazu ba?"

"Shi na."

"To wa ka tuƙa waccan ta baya?"

Na duba, ko da yake na sani. Shi ne, da ƙyallensa, yana tuƙi hankali kwance. Kunya ta sa na yi abin da ban saba ba, na ce, "Wataƙila ƙanensa na."

"Ƙanen ma ido guda? Gidansu babu mai ido biyu?"

Wani daga baya ya ce, "Idon ma ya yi ƙaura! Ɗazu hagu, yanzu dama!"

Rumfa ta ɗauka. Daga nan ba su sake barin komai ya wuce ba. Mutanen da suka yi rayuwarsu a kan hanya ne, ba a ɓoye musu mota. Jarumi ya faɗa rami da mota mai ƙofa biyu, ya fito da mai ƙofa huɗu. Tayar da aka fasa da harsashi ta warke da kanta. Haɗari ɗaya aka nuna sau uku, sau ɗaya an juya hoton. In jarumi zai ƙara gudu sai a nuna hannunsa yana canza giya, kullum gaba, ba ya komawa. Suka fara ƙirgawa da baki ɗaya. "Tara! Goma! Sha ɗaya!" Wani bakanike ya ce, "Akawu, don Allah tambayo muna inda a ka saida wagga giya, in sa wa jakina."

Akwai wurin da sarkin yake tsaye a kan tudu yana cewa babu sauran mai rai a duniya sai su. A bayansa, can nesa, sai ga bas cike da fasinja tana wucewa a kan kwalta. Wani ɗan kamasho ya miƙe ya kama ihu, "Jega! Jega! Saura mutum guda!" Sai da wani ya faɗo daga benci. Wanda ya fi kashe su kuwa shi ne na kusa da ƙarshe. Jarumi yana kuka a tsakiyar gawawwaki, sai gawa ɗaya ta ɗaga hannu a hankali ta kori ƙuda daga hancinta, ta mayar da hannun inda yake.

Washegari benci huɗu. Kafin mako ya zagayo, shida sun cika, wasu a tsaye, wasu suna leƙe ta zana. Akwai waɗanda suka kalla sau biyar. Suna zuwa da abokansu, suna dungurinsu da gwiwar hannu, "Jira, jira, yanzu za ka gani."

Mai hankali zai ce ai na samu abin da nake nema. Ni ba haka na gani ba, kuma zan faɗi dalili. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa fitar da lalataccen kaya daga sito na miƙa wa mutum ba. Yanzu ga ni tsaye kullum gefen lalataccen kaya, maza arba'in suna nuna shi da yatsa suna dariya, ni kuma ina jin yatsan a jikina. Ban da wannan, akwai wurin da matar jarumin take riƙe da ɗanta a bakin ƙofa tana cewa za ta jira shi ko da ruwan jikinta zai ƙafe. Duk ranar da na zo fassara wurin nan sai murya ta sarƙe mini. Ba wanda ya taɓa ji, domin daidai lokacin suna share hawayen dariyar giya. A rumfar nan duka ni kaɗai nake son jarumin ya ci tseren.

Ana haka gajimare ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Manoma suka fara sharar gona. Kullum da safe sai na fita na dubi sama kamar mai laifi. Sai saƙo ya zo daga Karaye ta bakin wani mai sayar da gero: wan matata zai zo kasuwar Maiyama mai zuwa ya ga sana'ar da idonsa, abin da ya gani shi zai kai wa Baba.

Na san mutumin. Manomi ne, ya girme ni da kaɗan, tun da na auri ƙanwarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba. Na zauna na auna. Zai shigo, ya ga mijin ƙanwarsa tsaye, direbobi suna cewa "Akawu, ina ƙanen mai ido guda?" suna faɗuwa. Zai koma ya ce wa Baba ba sana'a ba ce, wasan banza ne, an mayar da shi abin dariya a kasuwa. Na yanke shawara in kai masa fim mai mutunci.

Kwana biyu na yi a kai. Ranar farko na kalla da takarda da fensir, na rubuta kowane kuskure da inda yake. Tara na samu. Rana ta biyu na kwance kaset da sukudireba, na wanke hannu, na shimfiɗa farin ƙyalle. Ina jawo zaren a hankali, in yanke da sabuwar reza, in haɗa baki da baki da salatif, in mayar in gwada. Mai ido ɗaya ya mutu ya zauna a mace. Giya ta tsaya a huɗu. Bas ta ɓace, gawa ta kwanta kamar kowace gawa. Guntayen da na cire na jefa su a murhun mai shayi, na tsaya har suka narke. Da na kalli abin da ya rage, ya gajarta, amma ya miƙe. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na ranar tun ina Sakkwato.

Na isa Maiyama da hantsi a bayan wata akori-kura. Na kafa rumfa, na sa kaftanina mai kyau, wanda ya rage guda. Abin da ban sani ba shi ne labari ya riga ni. Tsohon direban nan ya sauke kaya a kasuwar, ya tara mutane tun safe yana ba su labarin mataccen da ke tuƙi. Kafin in tayar da janareto benci ya cika maƙil. Har da wani dattijon Bafulatani da ya bar shanunsa wurin ɗan'uwansa ya shigo da sandarsa. Wan matata ya zo bayan azahar. Muka gaisa a taƙaice, na tambayi mutanen gida, ya ce lafiya lau. Ya zauna a ƙarshen benci na baya, kusa da ƙofa, ya harɗe hannu.

Aka fara. Shiru. Na ji daɗin shirun, ina fassara dalla-dalla. Mai ido ɗaya ya ƙone. Tsohon ya juya ya ce wa mutanensa, "Ku jira. Yanzu shi ka tasowa." Suka jira. Motoci suka wuce, babu shi. Tsohon ya matso gaba ya ƙura ido. Aka zo giya, suka fara, "Ɗaya! Biyu! Ukku! Huɗu!" suka buɗe baki za su ce biyar, hoto ya tsallake zuwa hanya. Bakin ya tsaya a buɗe. Sarki ya hau tudu ya yi maganarsa, wani ɗan kamasho da ya ji labarin bas ɗin ya miƙe don ya yi ihu, ya koma ya zauna.

Ba tare da kurakuran nan ba, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: motoci ne kawai suke zagaya fili ɗaya, mutane suna ɗaure fuska. Wani ya yi hamma. Biyu suka tashi suka fita. Sai uku.

Tsohon ya ce, "Akawu, wanga ba shi na ba."

"Shi na."

"Ina bas? Ina gawa mai korar ƙuda?"

Na ce, "Na gyara shi."

"Ka mi?"

"Na cire kurakuran."

Ya dube ni kamar na ce na yanka masa mota biyu. "Wa yac ce ma ya lalace? Kai, wa yak kawo ma ƙara?"

Bafulatanin ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ni an ce min akwai matacce mai tashi. Shi niz zo gani. In babu, shanuna na jira na."

Benci na gaba ya tashi gaba ɗaya. Haske ya shigo ta ƙofa, ana ɗaga tamfol ana fita, ana cewa, "Ƙarya ta, babu komi." Na dubi baya. Wan matata ya kwance hannunsa, ya sunkuya yana neman takalminsa a ƙarƙashin benci. Ta ƙofar da aka ɗaga na hango gabas ta yi baƙi.

Ban yi tunani ba. Na danna na tsayar da kaset, na tsaya a gaban talabijin, na ɗaga murya irin wadda nake yi wa leburori a bakin sito.

"Ku zamna! Wuri tara nic cire. Zan hwaɗa muku su a jere, ba wanda zan tsallake."

Waɗanda ke bakin ƙofa suka waiwayo.

"Na ɗaya. Mai ido guda ya mutu, kun gani. Bayan minti shida sai ga shi cikin mota ta ukku daga baya. Kahin ya mutu ƙyallen na nan." Na rufe idon hagu da tafin hannu. "Bayan ya mutu ya komo nan." Na rufe na dama. Ban yi murmushi ba, don ba abin murmushi nake ji ba. Wani ya tuntsire. Tsohon ya ce, "Haka na! Wallahi haka na! Ku komo, ku komo!"

Na biyu na faɗi ƙofofin mota. Na uku taya. Da na zo giya na karɓi sandar Bafulatanin na kafa ta a ƙasa, na tsuguna kamar mai tuƙi, ina turawa gaba suna ƙirgawa. Da suka kai goma sha huɗu suka zarce sha biyar, na tsaya na ce, "A'a. Sha huɗu ta. Na rubuta." Wannan ya fi komai kashe su, har yau ban san dalili ba. Waɗanda suka fita suka fara dawowa, da wasu da ba su shigo da farko ba. Na bi jerina, na biyar, na shida. A na bakwai na taka daga wannan gefen rumfa zuwa wancan a matsayin bas, ɗan kamasho ya samu ya yi ihunsa.

Na faɗi na takwas. Na tara ita ce gawa. Na tsaya. Na dubi ƙasa, turɓaya ce da ɓawon albasa da tofin goro. Na dubi kaftanina. Ban dubi benci na baya ba. Na kwanta rigingine, na miƙe ƙafa, na rufe ido. Aka yi tsit. Na ƙirga goma a zuci kamar yadda yake a fim ɗin, na ɗaga hannu a hankali na kori ƙuda daga hancina, na mayar da hannun inda yake.

Ihun da aka yi sai da masu awon hatsi suka taso. Ina kwance ina jin ƙasa tana motsi da bugun ƙafafu. Hawaye suka gangaro mini ta gefe suka shiga kunne. Na bar idona a rufe har suka tsaya, aka ɗauka cikin wasan ne.

Bayan la'asar, ina naɗe waya, wan matata ya zo ya tsaya. Ya dubi bayan kaftanina, ya sa hannu ya cire wani ɓawon albasa da ya maƙale.

Ya ce, "Mutane sun cika."

Na ce, "Sun cika, Yaya."

"Kullum haka ka ka kwantawa?"

"Yau nif fara."

Ya murza ɓawon a yatsa. Fuskarsa yadda na san ta. Sannan ya ce, "Baba cewa yay yi in gano ko sana'ar ta tsaya da ƙahwarta. Bai ce in gano ko mai ita tsaye ya ke ko kwance ba." Ya yar da ɓawon, ya ce a gaida mutanen Jega, ya tafi.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana huɗu, ban ji komai daga Karaye ba. Na zauna a ɗaki ina jin sa a kan kwano, ban ci abinci ba ranar. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Matata ta sauko da ƙananan biyu da ƙullin kaya da rabin buhun gero. Babbar 'yarmu ba ta cikinsu. Baba ya ce a bar masa ita har a ga kaka.

Sai da ta share ɗaki, ta ɗora tukunya, yara suka fita wasa, sannan ta yi magana, tana tankaɗe, ba ta dube ni ba.

"Malam, wai gaskiya na kana kwantawa ƙasa cikin kasuwa kana korar ƙuda?"

Na ce, "Gaskiya na."

"Yaya bai hwaɗi ba. Mata na ji suna hwaɗi bakin rijiya."

Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ta karkaɗe rariya.

Ta ce, "To ka riƙa cire kaftanin tukuna. Wankinsa da wuya."